Yadda ake gano kumburin jijiyoyin jini a mama

Cutar da likitoci ke kira giant cell arteritis tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta afka wa bangon jijiyoyin jini, suka kumbura suka tsuke. Galibi jijiyar gefen kai take kamawa, amma jefi-jefi takan sauka a mama, ta fito da ƙullutu mai kama da na sankara. Ta fi samun matan da suka haura shekara 50, musamman a arewacin Turai. A wajenmu ba kasafai ake ganinta ba.

Da farko ki taɓa ƙullutun. Wannan yakan yi zafi idan an danna, kuma yakan fito a mama ɗaya ko duka biyun. Sai dai zafi ba ya wanke ƙullutu daga zargin sankara, don haka ki tafi asibiti, kada ki tsaya shafe-shafe.

Na biyu, ki zayyana wa likita komai, har abin da kike ganin bai shafi mama ba: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, rama, kasala, ƙagewar kafaɗu da ƙugu da safe har ɗaura ɗankwali ya zama aiki, sabon ciwon kai a gefe, gajiyar muƙamuƙi wajen tauna nama. Idan gani ya dushe ko ya rabu biyu, ranar nan za ki tafi, domin cutar tana makantarwa, kuma idon da ya tafi da wuya ya dawo.

Na uku, gwaji. Za a ɗibi jini a duba ESR da CRP, waɗanda kan hau idan akwai kumburi, sannan a ɗauki hoton mama. Hoton sau da yawa ba ya yanke hukunci. Mai raba gardama shi ne a ciri ɗan nama daga ƙullutun a duba a madubin likita. Nan ne kuma ake tantance sankara da tarin fuka na mama, wanda ya fi wannan cuta yawa a ƙasashenmu.

In an tabbatar, maganinta prednisolone ne, mai rage kumburi, kuma yakan kawo sauƙi cikin 'yan kwanaki. Kada ki saye shi a kemis da kanki, ko da yake yana da araha: yana tayar da tarin fuka da ya kwanta, yana ɗaga suga da hawan jini, yana cin ƙashi. Watanni ake yi ana sha, sau da yawa fiye da shekara, likita yana ragewa kaɗan-kaɗan. Yanke shi farat ɗaya yana da haɗari, ko da ƙullutun ya baje.