Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a lissafin ƙaruwar al'umma

Na gaji da jan layi a ƙarƙashin kuskure iri ɗaya. Kowace shekara ɗalibai na kawo mini kundinsu in duba, da yawansu 'ya'yanmu ne na Maiwurno da Gadarif da Kasala a Sudan. Wani yana bincike kan ƙaruwar mutane, wani kan fara, wani kan ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaji, amma inda suke tuntuɓe ɗaya ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa alƙaluma biyu waɗanda ba ƙasa ɗaya suka ƙirga ba. Ƙidayar 2008 ta ba Sudan mutum miliyan 39 da 'yan kai, ciki har da Kudancin Sudan mai sama da miliyan 8. A Yulin 2011 Kudu ta ɓalle, Juba ce babban birninta. Sai ka ga ɗalibi ya ɗauko miliyan 39 ɗin nan ya jera da adadin bayan 2011, ya yi ragi da rabawa, ya rubuta cewa ƙaruwar jama'a ta yi sanyi. Wane sanyi? Ƙasa ce aka raba biyu! Ƙidayar 1993 ma da tata matsalar, don yaƙi ya hana ta shiga yawancin Kudu. Tun 2008 kuma ba a sake ƙidayar ƙasa ba, saboda haka duk adadin da ka gani bayan nan hasashe ne. Idan ka lissafa saurin ƙaruwa daga hasashe, abin da mai hasashen ya zuba tun farko shi za ka kwaso, ka ɗauka ka gano sabon abu.

Wannan kuskuren ya taɓa ci mini aiki. Mun shafe watanni muna haɗa wa wata ƙungiya rahoto, yaron da ya tsara jadawalin ya cakuɗa tsohuwar iyaka da sabuwa. A tsakiyar taro wani dattijo ya ɗora yatsa kan layin, ya ce, "Malam, mutanen Juba fa, ina kuka kai su?" Aka dawo mana da rahoton, aikin da ke biye kuma aka ba wasu. Tun daga ranar, ba na karɓar jadawali sai kowane adadi na ɗauke da abu uku a gefensa da rubutun hannu: shekara, iyakar wurin da aka ƙirga, da ko ƙidaya ce ko hasashe. Wanda ya kawo babu su, ko buɗe babi na biyu ba na yi.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne ɗora kowace ƙaruwa a kan haihuwa. Ƙofa huɗu ce ke sauya yawan jama'a: haihuwa, mutuwa, shigowa, fita. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Port Sudan da Gadarif da Kasala suka cika maƙil. Ai kun ga makarantun da suka zama matsuguni, kun san ba haihuwa ce ta cika su ba. Haka Saudiyya: ƙidayar 2022 ta samu mutum miliyan 32.2, amma miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa ba ne. Mai son sanin yadda iyalan Saudiyya ke ƙaruwa, dole ya ware baƙi ma'aikata tukuna.

Yanzu ku masu nazarin halittu, da ku nake. Don Allah ku daina ɗaukar saurin ƙaruwa na lokacin yalwa kuna miƙe shi har abada. Gaskiya ne bakteriyar E. coli na iya ninkawa cikin minti 20 idan ta samu abinci da ɗumi, ƙwaya ɗaya ta kai miliyan 2 cikin awa 7. To amma wanda ya taɓa kwana da kwalba a ɗakin gwaji ya san da farko shiru take yi, sannan ta zabura, sannan abinci ya ƙare, dattinta ya taru, ta tsaya cak, ta fara mutuwa. Tun 1838 masanin lissafi Verhulst ya rubuta lissafin ƙaruwar da ke lanƙwasawa idan wuri ya kusa cika, amma har yau ana kawo mini layi miƙaƙƙe ya nufi sama. Fara ma haka take. A gaɓar Bahar Maliya, wajen Tokar, tana hayayyafa da hunturu, kuma idan ruwa ya sauka ƙasa ta yi danshi, tana iya ninkawa sau 20 cikin kamar wata 3. Guguwa biyu da suka zubar da ruwa a hamadar Rub'ul Khali ta yankin Larabawa a 2018 su suka share fagen annobar farar 2019 da 2020. Ruwan ne ya kawo wannan saurin. Ɗauke ruwan, lissafinka ya rushe. Ni dai sai ɗalibi ya gaya mini abin da zai taka wa halittarsa birki kafin in kalli zanensa.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da maki. Gari ya tashi daga 100,000 zuwa 200,000 cikin shekara 20, ba kashi 5 cikin 100 ba ne a shekara, kusan 3.5 ne, don ƙaruwa kan hau kan ƙaruwa. Raba 70 da shekarun ninkawa ka gani. Raguwar sauri ba raguwar jama'a ba ce: saurin ƙaruwar duniya ya haura kashi 2 a shekarun 1960, yanzu bai kai 1 ba, duk da haka mun cika biliyan 8 a Nuwamban 2022. Yawan 'ya'yan da mace ke haifa daban, saurin ƙaruwar al'umma daban, kada ku musanya su. Kuma kwalba ɗaya ko gona ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Ni ba na sa hannu sai an maimaita gwajin aƙalla sau uku.