An canza sensar iska, mota sai mutuwa take: kurakuran da aka fi yi

Mota ta fara shan mai, ko tana jijjiga idan an taka totur, aka ce sensar iska ce, wadda makanikai ke kira iyafulo. Aka sayo, aka ɗaura. Sai ga shi motar da jiya take lallaɓawa, yau da an tsaya a danja ta mutu, da an kunna esi ta mutu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin mutane daga nan kasuwa suke komawa su sayo wata, alhali laifin sau da yawa yana cikin taku ɗaya daga inda aka yi aikin.

Aikin sensar shi ne auna iskar da ke shiga inji. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko Camry mai inji 2.4, wata siririyar waya ce da ake ɗumamawa, iska na hura ta tana huce ta, da haka kwamfutar mota ke gane yawan iskar, ta zuba man da ya dace, kusan kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska. Iskar da ta bi ta jikinta kawai take ƙirgawa. Wadda ta kutso ta bayanta, kwamfuta ba ta san da ita ba.

Nan babban kuskuren yake. Tsakanin sensar da bakin totur, wato ƙofar da ke buɗe wa iska hanyar shiga inji, akwai ƙaton tiyon roba mai lanƙwasa. A motar da ta shekara 15 ko 20 cikin zafin ƙasarmu, robar ta bushe ta ƙandare. Da bakanike ya murɗa ta don ya samu hanyar aiki, sai ta tsage a cikin lanƙwasar, galibi ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wani lokacin kilif ne ba a ɗaure ba, ko wani ƙaramin tiyo da ke maƙale a jikin babban aka bari yana reto. A kan gudu ba za ka ji komai ba, don iskar da inji ke ja tana da yawa. A silo kuwa, wato inji na aiki ba a taka totur ba, inji 1.8 giram 2 zuwa 3 kacal yake ja a daƙiƙa, ƙaramar ɓaraka ta isa ta sa mai ya gaza, mota ta mutu. Kada a tsaya leƙe daga sama. A cire tiyon gaba ɗaya, a lanƙwasa shi a hasken rana a duba kowane lungu. Idan ya tsage a canza shi, salatif ba ya jure zafin inji.

Sai maganar kayan da aka sayo. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ko a ta Panteka, za a miƙo maka guda uku masu kama ɗaya, soket ɗaya, ramin kusa ɗaya, a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kowace an daidaita ta da girman bututu da injin da aka yi ta dominsa, kuma lambar da ke jikinta ce ke faɗa. Ka tafi da tsohuwar a hannu, ka gwada lamba da lamba. Ni dai na fi amincewa da ta Beljiyam ta asali, Denso ko Bosch ko Hitachi gwargwadon motar, a kan sabuwa fil a kwali mai araha wadda ba suna a jikinta. Jabun tana aiki, amma lissafinta ƙarya ne, kuma kwamfuta yarda take yi.

Kada ka bar tsohuwar a gareji. Ita ce shaidarka: idan aka mayar da ita motar ta daina mutuwa, magana ta ƙare. In babu ita, a kashe mota, a zare soket ɗin sensar, a sake tayarwa. Motoci da yawa suna komawa kan wani lissafi na ajiya. Idan silo ya zauna, to ko sabuwar ce ke ƙarya, ko iska na shiga ta bayanta. Fitilar cek injin za ta kama, gwajin ne ya jawo.

Soket ɗin ma a dube shi: ya shiga har ya yi ƙas? Babu fil da ya lanƙwashe ko ya koma ciki? Masu zuwa da bututunsu, irin na Golf, akwai kibiya a jiki, inji ya kamata ta nuna.

Akwai kuma abin da ke rikita har ƙwararru. An cire kan batir lokacin aiki, kwamfuta ta manta abin da ta koya. Shekara da shekaru baƙin datti na taruwa a bakin totur, ita kuma tana ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan don silo ya tsaya. Yanzu ta koma lissafin totur mai tsabta, ga datti ya toshe hanya. A wanke bakin totur, da bawul ɗin silo idan totur ɗin motar mai kebul ne, a bar inji ya yi zafi yana silo kamar minti 10 ba esi ba fitila, sannan a kunna esi na ɗan lokaci, a zaga gari. Wasu motocin Nissan suna da nasu tsarin koyon silo da sai an bi shi daki-daki. In kuma ba a cire batir ba, a goge tsohon lissafin da na'urar sikanin, wadda ke karanta kwamfutar mota, don an gina shi ne a kan ƙaryar tsohuwar sensa.

Da silo ya ƙi zama, wasu kan kama kusar totur ko kebul su ɗaga shi. Kada ka yarda, ɓoye ciwo ne. Haka wanke sensa da fetur ko abin fesa na kafireta, ko goga mata tsinke: wayar ba ta jure wannan, tana da nata abin fesawa, a bar ta ta bushe kafin a mayar. Matatar iska da ta yage ko ba ta zauna daidai ba, da ƙurar hunturu, cikin ɗan lokaci za su lulluɓe sabuwar.

Yana yiwuwa kuma tun farko sensar ba ta da laifi. Lambar matsala P0171 da na'urar sikanin ke nunawa cewa take mai ya yi wa iska kaɗan, ba ta ambaci sensa ba, raunin famfon mai ko toshewar matatar mai na kawo ta. P0102 kuwa sau da yawa waya ce ko soket. Ka ce wa mai sikanin ya nuna maka adadin man da kwamfuta ke ƙarawa. Idan ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, ya sauko da an ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, iska ce ke shiga ta ɓaraka. Idan kuwa a silo lafiya, sai an taka yake hawa, a gwada ƙarfin famfon mai, sannan a dawo kan sensar.