An cire maka haraji, an sake biyo ka bashi: yadda na bi nawa

Ni kafinta ne, benci da tebur nake yi wa makarantu. A 2022 na yi wa wata ƙungiya benci ɗari uku a kan naira miliyan shida. Ranar biya kuɗi suka shigo da giɓin dubu ɗari uku. Na kira akantansu, ya ce, "Malam, ai kashi biyar na gwamnati ne, shi ne WHT, harajin da ake cirewa kafin a biya ka." Na ce to, Allah ya amfana sauran. Wata takwas da yin haka sai ga takarda daga hukumar haraji ta jiharmu, sun yi mini ƙiyasin abin da suke ganin na samu a shekara, kuma babu inda aka ambaci dubu ɗari ukun nan. Ashe akanta asusun tarayya ya tura su.

Kafin ka je ko'ina, ɗauko takardar rajistarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka dubi lambar da ke jiki. Idan BN ce a gaba, sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, kai da shagon abu ɗaya ne a wurin doka, kuma harajin kuɗin shigarka na jihar da kake zaune ne. Idan RC ce, sunan kuma ya ƙare da Ltd, kamfanin mutum ne mai zaman kansa, harajin ribarsa na tarayya ne, wato hukumar da muka sani da FIRS, wadda dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mayar NRS. Tawa BN ce. Akantan ya ga "Enterprises" a jikin takardar kuɗina ya ɗauka kamfani ne. Duk rigimar daga haruffa biyun nan ta taso. Ko a kotu matsayin nan na binka: mai BN da sunansa na yanka yake shigar da ƙara, ya ƙara da cewa yana kasuwanci da suna kaza. In ka sa sunan shago zalla, lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ce babu wani mahaluki mai wannan suna, a kori ƙarar.

Kuɗin da aka cire maka ba asara ba ce, kafin alƙalami ne na harajin da za ka biya a ƙarshen shekara. Amma sai da shaida. Saboda haka ranar da aka biya ka, kar ka bar ofishin sai an ba ka rasit mai ɗauke da sunanka, lambar TIN ɗinka (lambarka ta mai biyan haraji), adadin da aka cire, da hukumar da za a tura wa. Ni kunya ta hana ni tambaya, ina gudun kar a ce na fiye ƙorafi a hana ni aikin gaba. Kunyar nan ta ci mini shekara guda da rabi.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa. Daga ranar da takardar ƙiyasi ta shigo hannunka, kwana 30 gare ka ka rubuta cewa ba ka yarda ba. A rubuce, ba a baki ba. Zuwa ofis ka gaisa da wani ɗan unguwarku da ke aiki can, ya ce maka "kar ka damu, Alhaji, za a duba," ba ya tsayar da kwanakin nan. Idan suka cika ba ka rubuta ba, ƙiyasin ya zauna daram, ko da a kan kuskure aka gina shi. Na rubuta tawa a rana ta ashirin da shida, bayan na ɓata makonni uku ina zarya. Abin da za ka sa a ciki: lambar takardarsu da kwanan watanta, adadin da ka yarda ana binka, adadin da ba ka yarda ba, da dalilinka ɗaya bayan ɗaya. Ka haɗa da bayanin banki, takardar kwangila, rasit ɗin katako da ƙusa da fenti, har littafin da kake rubuta kuɗin yaran shago. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa mai kwanan wata. Nawa hatimin a karkace ya fito, tawadar ta kusa ƙarewa, sai da na roƙi matar da ke teburin ta sake dannawa. Wannan shuɗin tabon shi ne abu na farko da lauyana ya nema.

Idan suka amsa cewa ba za su gyara ba, ka sake samun kwana 30 na kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji, TAT. Dokar FIRS ta 2007 ce ta fara kafa ta, kuma tana sauraron rikicin harajin mutum ɗaya da hukumar jiha ma. Ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, ta Arewa maso Gabas a Bauchi, ta Tsakiya a Jos. In hukuncinta bai yi maka ba, Babbar Kotun Tarayya ce gaba, amma a kan kuskuren doka kaɗai, ba za a sake ƙirga maka benci ba. Maganar ajiye wani kaso na kuɗin kafin a saurare ka ta sha juyi: ƙa'idojin kotun na 2021 sun ce rabi, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke hakan a 2023, sannan sababbin dokoki suka fara aiki a Janairun 2026. Ka tambayi magatakarda abin da ake bi a ranar da za ka shigar, kar ka dogara da labarin wanda ya yi tasa shekaru uku baya, har da ni.

Na so in tsallake duk wannan in tafi babbar kotu kai tsaye, don raina ya ɓaci. Lauyana ya ce, "Baba, in muka shiga ta ƙofar da ba ita ba, ko gaskiyarka ta kai dutsen Dala nauyi za a ce kotun ba ta da hurumi." Ya ba ni labarin shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, wadda har yau lauyoyi ke jawowa: in ba a cika sharuɗɗan shigar da ƙara ba, duk abin da aka yi a kai ya rushe, kuma ana iya tayar da maganar ko an kai Kotun Ƙoli. Makamin nan baki biyu gare shi. Kana cewa hukuma ba ta da hurumi a kanka, ita ma tana lalube ko ka aika mata sanarwa kafin ka kai ta ƙara, ko ka wuce wata ukun da dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ɗiba don shigar da ƙara.

Wani ƙanen matata mai yawan kallon YouTube ya kawo mini tasa dabarar. Wai a Amurka akwai masu cewa su 'yantattu ne, ba su ƙulla yarjejeniya da gwamnati ba, don haka babu kotun da ta isa da su. In rubuta haka kawai. Na ce masa ya nemi labarin ɗan wasan fim Wesley Snipes, wanda ya saurari masu irin wannan fatawa, aka yanke masa shekara uku a 2008. A nan gida kuwa sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa bayyana abin da yake samu da biyan haraji. Maganar hurumi da alƙali ke saurare ƙarama ce: wannan harajin na waccan hukumar ne ba taki ba, ko wannan shekarar ba a jiharku nake zaune ba. Irinta ce Jihar Ribas ta kai a kan harajin VAT, har Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ba ta gaskiya a Agustan 2021, kafin rigimar ta haura sama.

Tawa ba ta kai ga hukunci ba. A zama na biyu a Kaduna lauyoyi suka nemi a ɗaga don a yi sulhu. Hukuma ta karɓi lissafina ta rage ƙiyasin, ƙungiyar kuma ta biya jiha dubu ɗari ukun, tunda nauyin kai kuɗin inda ya dace a wuyan wanda ya cire yake, ta koma neman nata a wurin tarayya. Kuɗin lauya da na mota sun kusa cinye abin da na ƙwato, amma na samu takardar shaidar biyan haraji, wadda in babu ita ba a ma karɓar takardunka na neman kwangila. Yanzu a ƙasan kowace takardar kuɗi da nake bayarwa akwai layi ɗaya da jan biro: rajistar BN ce, harajin da aka cire a tura wa jiha, ga lambar TIN.