Yadda na dawo da foldodin da suka ɓace a filash

Na kai filash ɗina wani shagon buga takardu a Tudun Wada. Da na dawo gida na saka shi a kwamfuta, sai na ga kowace folda ta koma wata alama mai ƙaramar kibiya a gefe. Hankalina ya tashi, don har hotunan bikin ƙanwata suna ciki.

Da na duba girman filash ɗin, sai na ga a cike yake kamar dā. Ke nan kayana suna nan, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su. Don Allah kada ka danna masu kibiyar nan, dannawar ce ke tayar da cutar.

Na fara tantance filash ɗin da Windows Defender, manhajar Windows mai farautar ƙwayoyin cutar kwamfuta. Sannan na buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

E harafin filash ɗina ne, naka zai iya zama F ko G. -h ne ke cire ɓoyon, /s da /d kuma su sa umarnin ya ratsa har foldodin da ke cikin foldodi. Nan take komai ya fito. Na goge masu kibiyar, na kwafe kayana zuwa kwamfuta.