Kafin ka danna Export: yadda ake kammala jagorar tarin takardu a fitar da ita

Toh jama'a, duk wanda ya taɓa shafe wata biyu uku yana jera tsofaffin takardu a akwati, yana shigar da sunan folda ɗaya bayan ɗaya a manhaja, ya san irin daɗin da ake ji ranar da aka kai folda ta ƙarshe. Hannu har ƙaiƙayi yake a danna Export a huta. Dakata tukuna ɗan'uwa. Jagorar nan, wato takardar da ke gaya wa mai bincike me ke cikin tarin, wa ya tara shi, daga wace shekara zuwa wace, kuma a akwati na nawa zai samu, ita kaɗai mutumin waje zai gani, shi ba ruwanshi da ƙurar da ka shaƙa, kuma duk wani kuskure da ya lafe a cikin manhaja a fayil ɗin da ka fitar yake tona kanshi.

Ni da ArchivesSpace na fi sabawa, manhajar bayanin tarin takardu da ta fito a 2013 bayan an haɗe manhajojin Archivists' Toolkit da Archon, saboda haka yawancin maɓallan da zan ambata nashi ne, amma masu manhajar AtoM ta kamfanin Artefactual da ke Kanada ku biyo mu, akwai naku a gaba.

Fara da babban rekod na sama, wanda ke bayanin tarin gaba ɗaya. Ƙa'idar ISAD(G) ta majalisar ma'adanan tarihi ta duniya, bugu na biyu na 2000, tana da gurabe 26 amma shida ne dole: lambar tarin, suna, wanda ya samar da takardun, shekaru, yawa, da matakin bayani. In kuma DACS kuke bi, ta ƙungiyar ma'aikatan adana tarihi ta Amurka da ta fara fitowa a 2004, to sai ka ƙara da bayanin abun da tarin ya ƙunsa, sharuɗɗan dubawa, da harshen takardun. Sharuɗɗan dubawan nan ko babu wani takunkumi ka rubuta cewa a buɗe yake ga kowa, kar ka bar gurbin fanko, don mai karatu bai san fanko na nufin "babu matsala" ko "mun manta" ba.

Shekaru su ne ke yawan kunyata mutum. A sama ka rubuta 1948 zuwa 1975 tun farkon aiki, can a akwati na 14 kuma ga folda mai wasiƙun 1981, kai ka manta da ita amma mai bincike zai gani. Akwai Calculate Dates a ƙarƙashin More, danna shi ya zagaya duka bishiyar, wato sassa da foldodin da ke ƙarƙashin babban rekod, ya kawo maka shekarar farko da ta ƙarshe, haka ma Calculate Extent na lissafin yawa. Sai dai shi da guraben farko da ƙarshe yake aiki, waɗanda ake cikewa da lamba zalla a tsarin shekara-wata-rana kamar 1962-03-09, in ka rubuta "wajajen 1960" a gurbin zance kawai ka bar na lamba fanko, tsallake shi zai yi abinshi.

Harshe kuma gurbi biyu ne, mutane na cakuɗa su. Akwai harshen takardun da kansu, akwai harshen da kai ka rubuta jagorar da shi. Hausa lambarta hau, rubutun boko Latn, ajami Arab. Tarin wasiƙun ajami da ka yi wa bayani da boko, kaga ai amsa biyu kenan.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. A ArchivesSpace kusan komai yana da nashi ɗan akwatin tik na Publish: babban rekod, kowane sashe, kowace folda, kowane not (gurbin rubuta ƙarin bayani), har rubutun da ke cikin not ɗin nashi daban. Shi ya sa zaka ga mutum ya fitar da jagora, kan magana ya fito "Tarihin Rayuwa" amma ƙasanshi wayam, ko ma not ɗin ya ɓace ɗungurungum, ya yi tik a waje bai yi a ciki ba. Da gajiya ta zo sai ido ya faɗa kan Publish All, dannawa ɗaya an gama. Wallahi ni ya taɓa ci na. A wani wurin da na yi aiki muna da ɗabi'ar barin wa junanmu saƙo a cikin not, irin "a tambayi iyalin kafin a buɗe folda 6, akwai takardun asibiti", har da lambar wayar wanda ya ba da tarin. Na danna Publish All da yamma na tafi gida hankali kwance. Washegari abokiyar aikina ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena ba ta ce uffan ba, ga lambar wayar bawan Allah ɓaro-ɓaro a shafin da duniya ke gani. Mun cire a take, amma cire tik ɗin ɗaya bayan ɗaya muka yi, ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Tun daga nan kafin in taɓa maɓallin nan sai na bi not-not na karanta, duk saƙon cikin gida na kwashe shi zuwa rekod ɗin karɓar kaya, wato wanda aka buɗe ranar da aka karɓi tarin, ko wani wurin da baya fita.

Haka wajen fitar da EAD, wato jagorar a fayil ɗin XML, rubutu mai alamomin tag da wasu manhajoji ke karantawa, akwai zaɓin Include unpublished. In ka yi mishi tik, duk abun da ka ɓoye, wato wanda baka yi wa tik ɗin Publish ba, zai shiga fayil ɗin, da alamar audience="internal" a jikinshi. Alamar roƙo ce kawai ga manhajar da zata karɓa cewa don Allah kar ki nuna, rubutun yana nan a ciki, duk wanda ya buɗe fayil ɗin da Notepad zai karanta. Don ajiyar kanku yana da kyau, don tura wa waje kuwa a'a.

Sauran zaɓin basu da wuya. EAD 2002 ko EAD3 na 2015? Kar ka zaɓa don sabo ya fi burgewa, tambayi wanda zai karɓi fayil ɗin wanne manhajarshi ke ci, har yanzu wurare da yawa 2002 suke so, AtoM ma shi yake fitarwa. Tag masu lamba da ke nuna matakin sassa da folda, c01, c02 har zuwa c12, su ma tambaya zaka yi. In akwai hotunan takardu da aka yi sikanin aka haɗa da rekod, yi tik a zaɓin dao, tag ɗin da ke ɗauke da adireshin hotunan, in ba haka ba adireshinsu bazai biyo ba. MARCXML kuma na katalog ɗin laburare ne, bayanin sama kawai yake ɗauka, kar ka tsaya neman jerin folda a ciki.

Kafin ka fitar, leƙa sashen bayanan jagorar ka cike EAD ID (lambar shaidar jagorar), sunan wanda ya rubuta, da kwanan wata, sannan ka sauya matsayinta daga In Progress zuwa Completed, ba ƙaramin abin kunya bane jagora ta shekara biyar a intanet tana cewa ana kan aiki.

Sai PDF, uwar rigima. Shi a bayan fage yake gudana, zaka jira ɗan lokaci, in ya faɗi kar ka yi ta sake dannawa kamar mai buga ƙofar kurma, buɗe log ɗin aikin, wato rahoton abun da ya faru, ka karanta. Yawanci XML ne ya karye, kuma masu karya shi sanannu ne: tag ɗin emph ko title da aka buɗe ba a rufe ba, alamar < da wani ya sa da nufin "ƙasa da", alamar & musamman in tana jimla ɗaya da tag, da kuma dattin da ke biyo rubutun da aka kwafo daga Word. In log ɗin bai nuna maka wurin ba, fitar da EAD ɗin ka buɗe shi a manhajar duba XML irin oXygen, ko xmllint in ba kuɗin lasisi, ka gwada shi da sikimar EAD, wato fayil ɗin ƙa'idojinta, da ke shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, zai faɗa maka layi na nawa ne. Amma gyaran a cikin manhaja zaka yi shi, ba a fayil ɗin ba, in ba haka ba gobe ka sake fitarwa kuskuren ya dawo.

In PDF ya fito, nemi kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ ka gani da idonka. Sau da yawa a XML lafiya lau suke tunda UTF-8 ne, amma font ɗin PDF ɗin bai san su ba, sai "ƙasa" ta koma #asa. Wannan ba kai zaka gyara ba, mai kula da saba, wato kwamfutar da manhajar ke kanta, zaka yi wa magana ya sa font mai ɗauke da su, irin Noto ko DejaVu.

Masu AtoM, naku Draft ne da Published, ku tabbatar 'ya'yan rekod ɗin ma sun koma Published ba uwar kaɗai ba. Jagorar da kuka samar ta PDF ko RTF kuma bata bin gyara, in kun canza ko harafi ɗaya sai kun goge tsohuwar kun sake samar da sabuwa.

Abu na ƙarshe da nake yi, na buga shafi biyu na jerin akwatuna a takarda, na miƙa wa wanda bai taɓa tarin ba, na ce ya ɗauko min folda uku da na zaɓa da ka. In ya dawo da su ba tare da ya tambaye ni komai ba, sai in sa kwanan wata da ɗan bayani a Revision Statement, gurbin tarihin gyare-gyare, in sa wa fayil ɗin suna da EAD ID ɗinshi, in tura.