Idan giyarka ta cije a 1.020, kada ka yi gaggawar ɗurawa

A watan Janairun shekarar da na fara dafa giya a gida, na ajiye bokiti mai lita 23 a garejinmu a Lids, cikin sanyin nan na Ingila mai ratsa ƙashi. Awon farko na nauyin ruwan, wanda ke nuna yawan sukarin da ke ciki, ya ba ni 1.048. Bayan kwana goma 'yar kwalbar numfashi da ke kan murfi ta daina ɓulɓul, na auna na ga 1.020, na ce ai ta nuna. Na zuba sukari, na ɗura a kwalabe arba'in da 'yan kai. Da ɗumi ya shigo a Afrilu, wata asuba muka ji kamar an harba bindiga a ƙarƙashin bene. Kwalabe uku sun tarwatse. Maman yara ba ta ce uffan ba, tsintsiya kawai ta miƙo mini.

Goggona da ke dafa burukutu a Jos ba ta taɓa riƙe wani ma'auni ba. Takan kara kunne a tulu, ta ɗiba da ƙwarya ta ɗanɗana, shi ke nan. Amma ita burukutu a buɗe take, ana shanye ta tana cikin tashi. Mu da muke toshe giya a gilashi dole mu san ko yis ya gama cin abincinsa, don in bai gama a bokiti ba, a kwalba zai ƙarasa.

Ma'aunin da ake kira haidiromita gilashi ne mai yawo a ruwa. A ruwa zalla yana nuna 1.000, sukari na ƙara wa ruwa nauyi, yis na cinye sukarin, lamba ta yi ta sauka. Giyar da ta fara a 1.048 ta ƙare a 1.012, wato daga maki 48 zuwa 12, yis ya ci maki 36 cikin 48 ke nan, kashi 75 cikin ɗari, kuma yawancin yis ɗin giya a nan wajen yake tsayawa. Tawa da ta tsaya a 1.020 kashi 58 kacal aka ci. Da na yi wannan ɗan lissafi, da ban share gilashi ba. Sukarin da ake zubawa lokacin ɗurawa don giya ta yi kumfa a kwalba, wajen giram 120 a lita 23, maki biyu ne kawai. Ni kuwa na toshe maki takwas a kan wannan.

To idan ka ga lamba ta yi sama, fara zargin ma'auni kafin ka zargi giya. Tsoma shi a ruwan famfo mai zafin digiri 20, ko zafin da aka rubuta a jikinsa. In bai nuna 1.000 ba, takardar da ke ciki ta goce; riƙe bambancin, ka riƙa cirewa ko ƙarawa. Sai kumfa: giyar da ke tashi cike take da iska, ƙananan kumfa su manne a jikin gilashin su ɗaga shi sama. Juye samfurin tsakanin kofi biyu sau goma, ka murza ma'aunin da yatsu kafin ka karanta, idonka daidai da saman ruwan. Zafi ma na ruɗi, amma ta ɗaya gefen: samfur mai digiri 30 zai nuna ƙasa da gaskiya da maki biyu zuwa uku.

Wanda ya fi kama mutane shi ne rifiraktomita, ɗan madubin nan da ake ɗiga wa digo biyu a leƙa. Kafin a zuba yis, ba shi da na biyu. Da zarar barasa ta samu, ƙarya yake yi, don ita ma tana karya haske kamar sukari. Giyar da ta sauka lafiya lau zuwa 1.012 sai ya nuna maka sama da 1.020. Na san wanda ya yi mako biyu yana girgiza bokiti yana sayen sabon yis, alhali giyarsa ta daɗe da nuna.

In ma'auni ya fita daga zargi, saura tambaya ɗaya: yis ne ya yi barci, ko abincin da zai iya ci ne ya ƙare? Wani dattijo maƙwabcina da ke dafa giya tun ban zo duniya ba shi ya koya mini yadda ake raba gardama. Ɗebi kamar kofi guda a kwalba mai tsabta, zuba masa yis fiye da kima, cokalin shayi cike, ka rufe baki sako-sako, ka ajiye a wuri mai ɗumi kamar digiri 25, kana kaɗawa safe da yamma. Bayan kwana biyu ko uku ka auna. In ya sauka zuwa 1.012, akwai sauran abinci a bokiti, yis ne ya kwanta. In ya tsaya a 1.020 ɗinsa, iyakarta ke nan.

Yis mai barci sanyi ne ya fi kwantar da shi. Dawo da bokitin ɗaki mai digiri 20 zuwa 22, ka juya shi a hankali har gindin ya motsa. Kada ka fantsama, iska a wannan mataki ɗanɗanon kwali take jawowa. Ba shi kwana huɗu. In bai motsa ba sai sabon yis, amma kada ka barbaɗa busasshe kai tsaye. Barasar da ke ciki kan kashe masa gwiwa. Tashe shi tukuna a rabin lita na ruwan tsiro, wato ruwan tsiron sha'ir mai zaƙi da yis bai taɓa ba, ya fara kumfa sosai, sannan ka juye. Gaba kuma ka duba ranar da ke jikin fakiti, ka girgiza ruwan tsiron da kyau kafin zuba yis, don a farkon nan yana buƙatar iska.

In kuwa abincin ne ya ƙare, laifin yana can baya, wajen jiƙa tsiro. A digiri 63 zuwa 65 tsiron sha'ir yana ba da sukarin da yis ke ci da sauƙi. Ka haura zuwa 69 ko 70, sai ya ba da mai kauri wanda yis ba ya iya taɓawa. Na taɓa yin dahuwa uku a jere duk suna tsayawa a 1.018, ashe ma'aunin zafina ne ke rage digiri huɗu. Gwada naka a ruwan ƙanƙara, ya nuna 0, da tafasasshen ruwa, ya nuna 100. Wanda ke Jos kada ya jefar da nasa don ya ga 96. Tsayin dutse ne, a haka ruwa ke tafasa a can. Sukarin madara da gasasshen tsiro mai yawa su ma suna barin lamba a sama. Irin wannan giya ba ta lalace ba, za ta yi ɗan zaƙi da kauri ne, ka ɗura abarka.

Lamba ta yi ƙasa sosai, kamar 1.002? In ka zuba farin sukari da yawa, ko yis ɗinka irin na giyar Beljiyam da ake kira sezon ne, mai cinye sukari kusan duka, ba mamaki. In ba haka ba, kuma ga tsami ko farin yana a sama, baƙon yis ya shiga, kuma zai ci gaba da ci a kwalba. Canja tiyo da duk robar da ta karce.

Yanzu ba na sauraron ɓulɓul, don murfin da bai zauna ba ma yakan sa shiru. Ina manna takarda a murfi, in auna yau, in auna jibi, in rubuta. Sai lamba biyu sun zo ɗaya kuma sun yi kusa da abin da na zata nake ɗurawa. Samfurin ba ya komawa bokiti, shanye shi nake. A kowace ɗura kuma ina cika gorar lemo ta roba guda ɗaya ina matsa ta kullum. In ta yi tauri kamar dutse kafin kwana huɗu, kwalaben duka firji suke shiga, sannan in sa tabarau da safar hannu in sassauta musu murfi ɗaya bayan ɗaya.