Babi na Shida: Shirin Ƙungiya Kafin Gobara ko Ambaliya

Darasi na ɗaya: Takardar lambobi

'Yan uwa, a 2016 gobara ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Maiduguri. A irin wannan rana, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta adashi ko kwamitin masallaci, in ba ta da hanyar neman mutanenta, sai ta watse. Shi ya sa za mu fara da takarda guda.

Ku ɗauki farar takarda. Ku ja layi a tsakiya, daga sama zuwa ƙasa. Ɓangaren hagu na suna ne, na dama na lambar waya. A can sama ku rubuta 112, ita ce lambar neman agajin gaggawa a Najeriya, kuma kyauta ake kiran ta.

Yanzu a nutsu, don nan ne aka fi tuntuɓe. Lambar wayar hannu a Najeriya guda 11 ce, kuma da sifili take farawa. Sifili shi ne 0. Kada ku tsallake shi. In kun rubuta, ku ɗora yatsa ku ƙirga ɗaya bayan ɗaya. In kun samu 10, akwai wadda ta faɗi, ku sake. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Ku lura da 6 da 9. Shida cikinta a ƙasa yake, tara kuwa a sama. Kun rubuta? To ku karanta wa mai lambar da ƙarfi ya ji. Sannan ku kira shi nan take, ku ga wayarsa ta yi ƙara. Madalla. Ku koma kan suna na gaba: rubuta, ƙirga 11, karanta, kira.

Kada wani ya sake ce mini "Malam, ai tana cikin wayata." Haba! In wayar ta jiƙe fa, ko caji ya ƙare cikin dare? Wasunku sun kawo mini takarda rabin lambobinta guda tara-tara ne maimakon 11, ba wanda aka kira. Wannan ganganci ne. A koma a ƙirga: 11.

Darasi na biyu: Littafin kuɗi

Ma'aji ya kwafe littafin zubi da na bashi a wani sabon littafi. A sa kwafin a leda a ɗaure bakinta, tare da takardar lambobi, a kai gidan magatakarda, can wata unguwa mai tudu. Kada duka biyun su kwana a rumfa ɗaya. Kafin a ɗaure ledar, a ƙara ƙirga lambobin nan.

Darasi na uku: Wa zai yi me

A zaɓi mai kiran 112, da mai kashe wutar lantarki, da mai fitar da tsofaffi da yara. A tsayar da wuri ɗaya na haɗuwa. Ba a watsa ruwa a gobarar lantarki ko ta fetur, a ajiye bokitin yashi.

Darasi na huɗu: Gwaji

Ku gwada shirin sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya da hunturu. Ku riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a rediyo.